Sikanin ɗin hannu ga mai lupus: sau uku na yi, na farko asara ce

Sana'ata lalle ce. Shekara goma sha ɗaya ina zana wa amare fulawa a Kano, kuma duk wadda ta taɓa riƙe ledar lalle ta san yatsu uku ne ke ɗauke da aikin: babba, manuni da na tsakiya. Su ke matsa leda, su ke jan layi, wani lokaci awa biyar ba ɗagawa idan amarya ta zo da rundunar ƙawayenta. To a cikin waɗannan yatsun ciwona ya yi gida.

A 2021 aka tabbatar min lupus ce, bayan na sha maganin maleriya da na taifod har na ƙosa, na sha jiƙe-jiƙen sanyi na Gwaggo, har hayaƙi an yi min don wasu sun rantse iska ce. Ga wanda bai san cutar ba, garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa mai ita, ta taɓa fata, gaɓoɓi, jini, wani lokaci har ƙoda. Kusan tara cikin goma na masu ita mata ne. An ɗora ni kan haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da muka sani, da ƙwayar firednisolon ƙarama. Ƙurajen fuska suka lafa, zazzaɓin yamma ya tafi, gashi ya daina zuba a mataji. Hannu dai ya ƙi.

Abin haushi da hannun lupus shi ne ba ya tsayawa a gan shi. Da asuba yatsuna sun ƙage, sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe buta. Amma kafin in shiga adaidaita, in ciro kati, in bi layi, in ga likita wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sun saki. Ya latsa, ya juya, ya ce bai ji kumburi ba. Hoton ƙashi ya fito fes. Gwajin jini na CRP, mai nuna ko akwai kumburi a jiki, shi ma fes, kuma sai daga baya na ji cewa a lupus sau da yawa ba ya tashi ko da cutar tana ci. A gida har an fara yi min kallon mai raki. Ni kuwa ina sayen daikulofenak, maganin kashe zafi, a kemis ina afawa kafin kowace amarya, ban gaya wa kowa ba.

Da aka ce in yi sikanin ɗin hannu, dariya na yi, don ni a sanina sikanin na masu ciki ne. Na tafi wani ɗakin hoto a unguwarmu, inda na yi na cikin yarana duka, saboda kusa ne kuma da sauƙin kuɗi. Har fiya wata biyu na shanye a hanya don in cika mara, sabo ke nan. Yaron da ke wurin mai ladabi ne, ban ƙi shi ba. Amma kan na'urar da ya ɗauko shi ne dai mai lanƙwasa ɗin nan da ake goga wa ciki. Ya danna min shi a wuyan hannu da ƙarfi, ya zagaya sau biyu, minti biyar ba ta cika ba ya miƙo min takarda mai layi biyu, wai komai lafiya. Araha ba ta ado. Da na kai wa likitar gaɓoɓi takardar, ko karanta ta ba ta ƙarasa ba, ta tambaye ni da wane irin kai aka duba ni. Na kwatanta mata. Ta ce, "Malama, wannan ba hoton hannu aka yi miki ba."

Ita ta fahimtar da ni bambancin. Na'urar sauti take turawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto. Kan da ake duba ciki yana aiki da megahaz 3 zuwa 5 (ma'aunin saurin kaɗawar sautin ke nan), yana nutsawa da nisa amma ba ya tsefe ƙananan abubuwa. Na hannu miƙaƙƙe ne, yana aiki da wajen megahaz 12 zuwa 18, ba ya zurfi amma yana nuna abin da bai kai kaurin zaren ɗinki biyu ba. Gaɓar yatsa kuwa tana nan ƙarƙashin fata. Duba ta da kan ciki kamar a ba ni buroshin fenti ne a ce in zana wa amarya ƙaramin yatsa.

Na biyu aka yi min a Janairun 2024, ana tsakiyar hunturu, wurin wani likitan hoto da ya koyi duba gaɓoɓi da jijiyoyi. Sati uku na jira kafin layi ya zo kaina, kuɗin kuma ya kai na lallen amarya biyu da ƙawayensu. Babu azumi, babu cika mara, babu allura. Abu na farko da ya yi, ya taɓa hannuna ya ji sanyi ƙalau, ya ce in cusa su cikin mayafi in zauna su ɗumama tukuna, domin sanyi yana tsuke ƙananan hanyoyin jini ya ɓoye abin da ake nema. Ya tambayi duk maganin da nake sha da yawansa, ya rubuta, ya ce firednisolon da magungunan kashe zafi suna iya dusashe hoton. A nan asirin daikulofenak ɗina ya tonu. Bai ce in daina komai don hoto ba, ya dai ce lallai in gaya wa likitata, saboda ƙodar mai lupus ba ta son irin wannan maganin.

Na tambaye shi ko lallen da ke hannuna zai hana. Ya ce sauti ba ruwansa da lalle. Likitata ce dai ba ta so, don ja da baƙin suna rufe mata launin farce da na bakin yatsa, ita kuma tana son ganinsu. Mai lalle da aka hana ƙunshi, kin ji iko.

Ya zuba man dubawa da yawa, har yana tsiyaya, ya ɗora kan na'urar a hankali kamar ba ya son taɓa fatar. Ya ce idan aka danna da ƙarfi ruwan da ke gaɓar guduwa yake, jinin ma ya matse, hoto ya fito lafiya ƙalau alhali ƙarya ce. Na tuna dannar da na sha a unguwa. Ya bi gaɓa-gaɓa, hannun dama da na hagu, baya da tafi, yana sa ni in lanƙwasa in miƙe. Ya juyo allon ya fuskance ni, abin da na fi gode masa ke nan. Ƙashi farin layi ne mai sheƙi. A kan wuyan hannuna na dama, inda ya kamata tantanin gaɓa ya kwanta siriri, sai ga wani duhu ya taso kamar ƙullu ya kumbura. Ya ce tantanin ne ya yi kauri. Sannan ya danna wani maɓalli, wanda suke kira Doppler, sai ga ɗige-ɗige ja suna bugawa a cikin duhun, daidai da bugun zuciyata. Jini ne ke kwarara inda bai kamata ya yi yawa ba, alamar wutar tana ci yanzu-yanzu, ba tsohon tabo ba ne. Suna ba abin maki daga 0 zuwa 3. Wuyan hannun ya sami 2, gaɓar gindin manuni da ta na tsakiya su ma akwai, hagu kuma kaɗan.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne jijiyar manuni. Mu a Hausa komai jijiya ne, da ta jini, da mai kai ji, da wadda ke jan ƙashi irin agara. Ta ukun yake nufi. Ya ce tana zirga-zirga ne a cikin wani kube, ni kuma da na gani sai na ce ai zariya ce a ƙubakar wando. Ya yi dariya ya ce haka ne. Tawa ƙubakar ta cika da ruwa, baƙin zobe ya kewaye zariyar, ina lanƙwasa yatsan ina kallon ta tana ja da ƙyar. Yatsan da nake matsa leda da shi ke nan. Hawaye suka zubo min, ba don tsoro ba. Shekara biyu da rabi ina faɗa ana ce ba a gani ba, yau ga shi a allo kowa na iya gani. Na roƙe shi ya buga min hoton, na kai wa Umma, ta juya shi sama ta juya ƙasa ta ce, "Allah sarki, ashe da gaske kike."

Ya kuma duba bakin ƙasusuwan, ya ce babu inda ya zaizaye. Wannan yana da muhimmanci, don amosanin gaɓoɓi irin wanda ke cin ƙashi daban ne, kodayake akwai masu haɗa shi da lupus. Ita lupus ta fi lalata jijiyoyi da igiyoyin da ke riƙe gaɓa, su saki, yatsu su karkace alhali ƙashi lafiyarsa lau, kana iya miƙe su da ɗaya hannun su sake komawa. Ana kiran wannan da sunan Jaccoud, wani likita da ya yi aiki a Faransa a ƙarni na 19. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a layin asibiti da irin hannun. Abin da nake gudu ke nan.

Minti arba'in aka yi, rahoton shafi guda cike, kowace gaɓa da makinta. Da shi likitata ta daina jinkiri. Ta yi min gwajin hanta da na jini da na fitsari, ta zaunar da ni da maigidana kan maganar tsarin iyali domin maganin da za ta ƙara yana illa ga ɗan tayi, sannan ta rubuta metotireksat da folik asid. Metotireksat ɗin sau ɗaya a sati, ta maimaita har sau uku, ba kullum ba, ta sa na zaɓi rana. Na zaɓi Juma'a. Daikulofenak kuwa ta yi min faɗa kamar ƙanwarta.

Na ukun bayan wata shida ne, wurin mutumin dai, don likitata ta ce kada in sauya hannu, kowa da yadda yake karanta hotonsa. Jan ɗige-ɗigen nan ya ɓace, ruwan ƙubaka ya ragu sosai. Na ji daɗi, amma a ranar kuma na yi fushi da na'urar. Kafaɗuna da gwiwoyina suna min ciwo a lokacin, na sa ya duba, ya ce bai ga kumburi ba. Na koma gida ina jin an mayar da ni zamanin raki. Likitata ta ce ba haka ba ne, ciwon gaskiya ne, sai dai ba kowane ciwo ne na kumburi ba, kuma ƙara min firednisolon a kansa ƙiba da hawan jini da raunin ƙashi kawai zai jawo. Ta koma tambayata barci nawa nake yi. Na ɗauki kwanaki kafin in yarda da ita, har yanzu ma ban ce na yarda ɗari bisa ɗari ba.

Akwai kuma inda sikanin ɗin ya tsaya cak. Kwanan baya matse-matsina na hagu ya fara ciwo idan na daɗe a tsaye, na ce a goga min na'urar a wurin mu huta. Aka ce sauti ba ya ratsa ƙashi, yana bugunsa ne ya dawo. Abin da ake tsoro ga wadda ta daɗe kan firednisolon shi ne jini ya yanke wa kan ƙashin cinya ya fara mutuwa daga ciki, irin wanda ke samun masu sikila, shi ya sa ta sake tambayar sakamakon gwajin sikilata duk da tana da shi a fayil. Wannan a farkonsa sai MRI, hoton da ke ganin cikin ƙashi, kuma kuɗinsa ba na amarya biyu ba ne.

Yanzu amarya ɗaya nake karɓa a rana, ƙawayen kuma ƙanwata ke yi musu, ita ke yanka salatif ta yi jan lalle, ni in zana fulawar hannu da ta ƙafa. Na faɗaɗa bakin ledar kaɗan don kada in riƙa matsawa da ƙarfi, layin ya ɗan fi da kauri, wata uwar amarya ma ta lura ta yi magana. Kuɗin MRI ɗin ina tara su a adashin sati, kwasata ta faɗo bayan Babbar Sallah.