Agogo shida ko allon gilashi: wane jirgi za ka biya kuɗin koyon tuƙi a kansa?

Duk mai neman makarantar koyon tuƙin jirgin sama, a Zariya ne ko Ilorin ko Afirka ta Kudu inda yaranmu da yawa suke zuwa, zai ci karo da jirage iri biyu. Akwai mai tsohon allo, wanda ma'aunansa zagayayyun agogo ne masu allura. Akwai kuma mai allon gilashi, wato fuskar kwamfuta da ke nuna duk ma'aunan, irin Garmin G1000, wanda ya shigo ƙananan jirage a 2004, kuma galibi kuɗin awarsa ya fi tsada. Kwalejin Zariya ma, da aka kafa a 1964, ta daɗe tana horo da jiragen Tampico masu agogo kafin ta shigo da Diamond DA40 da DA42 masu gilashi. Ni dai ba na ɓoye zaɓina: in har ka samu Cessna 172 mai agogo shida wanda ake kula da shi yadda ya kamata, a kansa za ka fara.

Dalilina shi ne agogon nan shida suna tilasta maka ka san daga ina kowane labari yake zuwa. Uku daga ciki da iska suke aiki. A ƙarƙashin fiffiken hagu na Cessna akwai wani ɗan bututu mai kallon gaba, bututun pito, wanda iskar da jirgi ke tunkara take shiga. A gefen jikin jirgin kuma akwai wata 'yar kafa da ke jin nauyin iskar da ke kewaye kawai. Ma'aunin gudu yana auna bambancin waɗannan biyun ne. Ma'aunin tsayi da ma'aunin hawa da sauka kuwa 'yar kafar nan kaɗai suke saurare. Shi ya sa ma'aunin tsayi ba ya sanin inda ƙasa take sai ka gaya masa. Kafin tashi za ka karɓi lambar nauyin iska daga hasumiya, wadda ake kira QNH, ka murɗa ta a 'yar tagar agogon, sannan ka duba ko allurar ta tsaya kan tsayin filin: a Kano sama da ƙafa 1,500 kaɗan, a Jos sama da 4,000. Kuskuren lamba ɗaya a nan kusan ƙafa 30 ne, na goma kuwa ya isa ya haɗa ka da eriya ko tsauni. Shi kuma ma'aunin hawa da sauka yana makara da 'yan daƙiƙoƙi, don haka ɗalibin da ke bin allurarsa sai ka ga jirgin yana ta sama da ƙasa ba ya zama wuri ɗaya.

Sauran ukun da jairo suke aiki, wato wani ƙarfe mai juyawa da gudu a cikin agogon. Kamar katantanwar da yara ke murzawa ce: muddin tana juyi da ƙarfi, tsaye take, ba ta yarda ta karkace. Agogon tsakiya a jerin sama shi ne ke zana maka layin da sama ta haɗu da ƙasa, shuɗi a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, ka ga ko hancin jirgi ya ɗaga ko fiffike ya karkata. Ƙarƙashinsa akwai mai nuna alkibla, wanda yake zamewa a hankali, sai ka riƙa daidaita shi da kamfas kamar duk minti 15. Waɗannan biyun famfon zuƙar iska da ke jikin inji ne ke juya su. Na ukun, ma'aunin kwana, wato mai nuna juyawar jirgi, da lantarki yake aiki, kuma da gangan aka raba musu abinci, don in famfo ya mutu a bar ka da wani abin kamawa. In ka ajiye fiffiken ɗan jirgin da ke cikinsa kan alama, kana juya digiri 3 ke nan a daƙiƙa, cikakken zagaye a minti 2.

Abin da na fi so shi ne yadda malami zai miƙo hannu kuna cikin tafiya ya manna 'yar takarda a kan agogon tsakiya, ya ce ci gaba. Nan take idonka zai koma kan ma'aunin kwana da na tsayi da kamfas, ka haɗa hoton da kanka. Wanda ya taɓa tashi a lokacin hunturu, hazo ya shafe ƙasa da sama sun zama abu guda fari fat, ya san amfanin wannan horon. Jikinka zai rantse maka cewa a miƙe kake alhali jirgin na kwana, kuma agogo ne mai gaskiya. Aibin tsohon allo guda ne babba: in famfon ya mutu, agogon tsakiya ba ya ihu, a hankali yake kwantawa, sai mai duba ma'aunin famfon da sauran agogon ne zai kama shi.

Allon gilashi yana da kyau, in na'urarsa ta lalace jan gicciye yake bugawa ka gani, kuma shi za ka tarar a jiragen fasinja. Amma komawa kansa daga agogo aikin 'yan awoyi ne, wanda ya fara da gilashi kuwa ya kan sha wuya ranar da aka ba shi allura. Yana kuma sace idon sabon ɗalibi daga taga. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da nazari a 2010 da ya nuna ƙananan jirage masu gilashi sun fi ƙarancin haɗari gaba ɗaya, amma haɗarin da ake rasa rai ya fi yawa a cikinsu. Kada kuma wani ya ce maka gilashi ya raba ka da bututun pito, domin kwamfutarsa daga nan take sha. Jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 da ya faɗi a teku kusa da Jamhuriyar Dominika a 1996 da mutum 189, masu bincike sun fi zargin zanzaro ne ya gina ɗaki a bututunsa yayin da yake ajiye. A shekarar dai, jirgin Aeroperú ya hallaka mutum 70 saboda an manta salatif a kan kafofin iskarsa bayan wanki. Mu da zanzaro ke gini a kowane lungu, in ka shiga makaranta ka ga jirage a ajiye babu murfi a bututunsu, ka san irin gidan da ka shigo.

Manhajojin kwamfuta irin X-Plane da Microsoft Flight Simulator suna taimakawa wajen saba wa ido zagayen agogo, iyakarsu ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓin allo zafi. Makarantar da na fara, an karɓi kuɗin awoyi masu yawa a dunƙule, an nuna mana jirage jere a rumfa. Ashe ɗaya ne ke tashi. Da jairon agogon tsakiyarsa ya lalace, sai aka ce ana jiran kaya daga waje, muka zauna makonni muna kallon juna. Hannu ya yi sanyi, darussan da aka wuce sai da aka maimaita, kuma daga aljihunmu. Don haka kada ka tambayi jirage nawa suke da su, ka tambayi nawa suka tashi a makon jiya, dalibai nawa ke layi a kan kowanne. Ka shiga ciki ka zauna. Ka ƙirga agogo nawa aka manna wa takardar cewa ba sa aiki. Ka nemi a tada inji ka ga ko allurar famfo ta shiga kore, ko layin agogon tsakiya ya miƙe cikin 'yan mintuna ba tare da rawa ba. Ka tambayi da wane agogo ake cajin awa, domin na Hobbs yana ƙirga duk mintin da inji ke kunne, har zaman jiran izinin hasumiya.

Sai 'yan damfara, waɗanda sun yi yawa a harkar nan saboda kuɗin manya ne kuma iyaye ba su san kanta ba. Dillali zai turo maka hoton jirgi mai gilashi yana sheƙi a WhatsApp, ya ce a zuba kuɗin kwas gaba ɗaya a asusunsa don gurbi zai ƙare. Kada ka tura ko sisi ga mutum, sai asusun makaranta, kuma kashi-kashi. Ka nemi lambar shaidar amincewa ta makarantar ka tabbatar da ita wurin hukuma da kanka, NCAA a Najeriya, SACAA a Afirka ta Kudu. Lambar rajistar da ke jikin jirgin hoton ma ka duba ta: ta Najeriya da 5N take farawa, ta Afirka ta Kudu galibi da ZS ko ZU. Akwai masu ajiye kwamfuta da sitiyari a shago su ce awoyin za su shiga littafinka na awoyin tashi. In hukuma ba ta amince da na'urar ba, ko minti ɗaya ba za a ƙirga maka ba. Mafi muni su ne masu tayin cika maka littafi da awoyin da ba ka tashi ba. Ranar da aka gano, lasisin ya tafi, kafin nan ma ran mutane ne a hannunka. Wanda ya yi maka alkawarin lasisin farko a awa 40 cif shi ma ka yi hattara da shi, mafi ƙarancin abin da ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta yarda da shi ne awa 40, ko 35 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi, yawancin ɗalibai suna wucewa, sai ka tanadi kuɗin ƙari. In kuma aikin haya kake hari, ka je wurin likitan da hukuma ta amince da shi ka ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya tukuna, musamman na ido da bambance launi, kafin ka biya kowa kuɗin rajista.