Bayan aikin yanar ido: tabarau biyu daban ko guda marar layi?

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce bayan aikin yanar ido kina hango nesa tar amma rubutun waya ya gagara, kina tambayar wane tabarau za ki yi. Tsakanin tabarau biyu daban, na nesa da na karatu, da guda ɗaya marar layi da ya haɗa nesa da kusa a gilashi ɗaya, wanda ake kira furogiresif, biyu daban za ki ɗauka. Amma kada ki biya kuɗin kowanne yanzu, tunda duka-duka sati biyu ke nan da aikin.

Idon bai gama zama ba tukuna. Akwai sauran kumburi, yankan bai gama haɗewa ba, lambar da za a auna yau ba ita za a samu wata mai zuwa ba. Yawanci sai an cika sati 4 zuwa 6, an gama maganin ɗigawa, sannan a yi gwaji. In ɗaya idon ma yana jiran aiki, a bari a gama duka biyun. Kafin nan tsohon tabarau ɗinki zai iya sa ki jiri, domin gilashin ɓangaren da aka yi wa aiki ya daina dacewa. Ki kai a cire shi a sa fari marar lamba.

Abin da ya sa kike hango nesa tar amma rubutun waya ya gagara shi ne, gilashin roba da aka dasa miki cikin ido, in irin wanda aka fi sawa ne, tazara ɗaya yake gani, kuma nesa ake saita shi. Ba ya lanƙwasawa ya kamo kusa. Tabarau na karatu ne ke cike wannan giɓin. Lamba +2.50 tana kamo abu a santimita 40, daidai inda ake riƙe littafi. Kwamfuta da ke santimita 60 zuwa 70 kuwa kusan +1.50 take so. Na wucin gadi, ki sayi wanda aka riga aka haɗa mai arha, ki gwada shi da takardar maganinki a hannu, ba da manyan haruffan bango ba. Ki sani dai lamba ɗaya ce a ido biyun, kuma ba ya gyara karkacewar gaban ido, shi ya sa wasu ke samun ciwon kai in sun daɗe da shi.

Daɗin na karatu da aka yanka a kan lambarki shi ne gilashin gaba ɗaya na kusa ne. Ki buɗe shafi, daga wannan gefe har wancan rubutu a fili yake, ba sai kin ɗaga haɓa kina neman inda ya fi kyau ba. Kafar allura ta fito sosai, zare ya shige. In kin tashi ki cire shi, ƙasa ta tsaya inda take. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin a marar layi ƙasan gilashin na karatu ne, to in kika kalli ƙafarki a matakala gefen matakalar dishi-dishi za ki gan shi, kuma faɗuwa ga babba ba abin wasa ba ce. Ga shi mutane da yawa bayan aiki ba sa ma buƙatar na nesa, sai ya zama guda ɗaya kawai za ki yi.

Marar layi yana da amfaninsa, ba cire wannan sa wancan. Wanda ya saba da shi tun kafin aiki ya ci gaba da abinsa. Sabon shiga kuwa zai sha fama da gefuna masu lilo na sati ɗaya ko biyu, ga tsada, kuma in aka kuskure daidai inda ƙwayar ido ke faɗawa a jikin gilashin da milimita biyu ko uku aikin ya ɓaci.

Ki yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce a yanka miki yau-yau bai tambayi ranar aikinki ba, kuɗinki yake so. Ki karɓi takardar gwajinki a rubuce, da SPH, CYL, AXIS da ADD, wato lambobin ƙarfin gilashi, gyaran karkacewa da ƙarin karatu, da kuma PD, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonki, kuma in an kawo tabarau a ɗora shi a na'ura a gabanki a ga ya yi daidai da takardar. Hasken rana zai riƙa kashe miki ido a watannin farko, to ki nemi baƙin tabarau mai UV400 na gaskiya, wato mai tare hasken rana mai cutarwa, a gwada shi ma. Baƙi marar kariya buɗe ƙwayar ido yake yi, haske mai cutarwa ya ƙara shiga.

Akwai abin da tabarau ba ya gyarawa. Ciwo mai tsanani, jan ido da ke ƙaruwa, gani ya ragu farat ɗaya, walƙiya, ko wani abu kamar labule daga gefe: ki koma wurin likitanki a ranar. In kuma bayan watanni ko shekaru hazo ya fara dawowa a hankali, sau da yawa fatar da ke riƙe gilashin ta baya ce ta yi duhu. Da leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna, don haka a duba wannan kafin wani ya sayar miki da sabon tabarau.