Amfilifaya mai bawul ta araha: sauti kam akwai, ƙarko ne babu

Masu tambayata yadda na ƙare da 'yar amfilifayar nan (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi) da na yo oda daga Legas, ga amsarku. Irin ƙananan nan ce 'yan China, mai bawul uku (kwalaben gilashin nan irin na tsohon rediyo) a tsaitsaye a samanta: 6P14 guda biyu, waɗanda Turawa ke kira EL84, sai ƙaramin 6N2 a tsakiya. Kuɗinta ko rabin na masu suna bai kai ba, abin da ya ja ni ke nan.

Ba zan ci haƙƙinta ba, sautinta akwai daɗi. In ka ba ta ɗan lokaci ta yi ɗumi ka sa kiɗan garaya ko ƙira'a, muryar mutum da kauri take fitowa, babu tsinin nan da ke soke kunne a lasifikokin bulutut. Wat 50 da aka rubuta a kwali kuwa zuƙi ta malle ce. EL84 guda ɗaya a kowane ɓangare da ƙyar yake ba da wat 5. Ɗakina ƙarami ne, sai na kau da kai.

Ana haka watan Afrilu ya kama, zafin Bauchi ya kai inda ya kai. Wata Asabar bayan la'asar aka dawo da wuta da ƙarfi, fanka har kuka take. Abokaina biyu suna zaune, dama don su ji abin da na cika su da labarinsa suka zo. Na kunna. Ba a jima ba lasifikar hagu ta fara wani gurnani, wuuu, sautin ya dushe. Ina duba bawul ɗin hagu na ga farantin ƙarfen cikinsa ya yi jawur, ba jan zaren nan da ke ɗumama bawul kullum ba, jikin ƙarfen gaba ɗaya. Kafin hannuna ya kai soket sai tas! Farin hayaƙi ya fito ta ramukan gindinta, wari ya cika ɗaki. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "To Malam, wannan ma cikin sautin ne?" Har yau ba su bar ni na huta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, fiyus bai tsinke ba. Yana nan lafiya lau.

Neman mai gyara ma wani aiki ne. Samarin da ke gyaran waya da talabijin sai su juya ta, su ce ba su taɓa buɗe irinta ba. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a wajen kasuwar Wunti, wanda ya fara sana'ar tun zamanin rediyon katako. Da ya kwance murfin na miƙa yatsa zan nuna masa inda ya ƙone, ya buge mini hannu.

"Ɗana, janye. Manyan kafasitocin nan suna riƙe wuta sama da bolt 300 ko an zare waya."

Sai da ya zuƙe wutar da rizista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) sannan ya shiga nuna mini. Ƙaramar kafasitar da ke gindin bawul ɗin hagu ita ce ta fashe, takardar cikinta ta watse a kan allo. An manna ta jikin wata rizista mai zafi, kuma digiri 85 aka rubuta a jikinta, alhali mai 105 ya kamata a sa a wurin. Zafi ya dafa ta, ta haɗe, bawul ya rasa abin da ke taka masa birki ya yi ta zuƙar wuta. Tiransifomar wuta kuma don bolt 220 aka naɗa ta. Ya sa mita a soket ɗin shagonsa, 245. Zaren bawul da aka yi don bolt 6.3 yana shan 7. Fiyus ɗin da na yi ta mamaki, mai amfiya 5 suka sa a na'urar da ko rabin amfiya ba ta ci. Dalmar wasu ƙafafun kuwa ko narkewa ba ta gama yi ba, da tsinken sukundireba ya taɓa ɗaya ta motsa.

Na ce, "Baba, tana gyaruwa?" Ya ce ƙwarai, ai tsarin nata mai sauƙi ne, kayan da aka zuba mata ne na banza. Ya sake kafasitocin, ya matsar da su nesa da zafi, ya bi dalmar duka, ya sa fiyus daidai ita. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in kunna ta babu lasifika a jone, tiransifomar sauti ce za ta tafi, ita kuwa ba a samunta nan kusa.

Da na tura wa mai sayarwa hotuna, amsarsa gajera ce: "Yallaɓai, wutarku ce." To wutarmu ce, na ji. Amma a Najeriya yake sayar da ita, inda ko a takarda 230 ne ma'aunin wutar gida. Da ya ce a haɗa da sitabilaiza, da na saya tare. Bawul ɗin da ya gasu ma babu shi a Bauchi, sai oda, kuma biyu za ka saya don su yi daidai da juna. Kada ma wani ya ce maka bawul ɗin 12AX7 zai shiga gurbin 6N2 kai tsaye, haɗin zarensu ba ɗaya ba ne.

Yanzu tana aiki, kuma wallahi ta fi da daɗi. Da daddare in na kunna ta nakan ji kamar in yafe musu. Sai in tuna kuɗin gyara, da na bawul, da na sitabilaiza, da 'yar fankar da na girke mata a baya, in ga da na haɗa su tun farko da na sayi wadda ta fi ta. Ga shi gurnanin bai tafi duka ba, in ɗaki ya yi shiru ana jinsa ƙasa-ƙasa, Baba ya ce tiransifomomin ne aka cusa kusa da juna, wannan kuma sai dai a sake mata gida. Soket ɗin bawul na dama ma ya fara sako-sako, sai na ɗan danna shi kafin sauti ya zo. Wanda ba shi da mai gyara na hannu a unguwarsu, ni dai ban ce ya saya ba.