Shaun the Sheep na kamfanin Aardman: fim babu magana, amma ya sa autana kuka

Gaskiya don yara su bar ni in huta na sa aka tura min Shaun the Sheep Movie, fim ɗin 2015 na kamfanin Aardman da ke Bristol a Ingila, masu finafinan Wallace da Gromit da kuma Chicken Run. Hutun da ban yi ba ke nan, don ni ma a tabarmar na ƙare tare da su.

Abin da ya fara ba ni mamaki, tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya furta kalma ɗaya da za ka gane. Tumaki na kuka, kare na haushi, mutanen ciki kuwa gunaguni kawai suke yi. Duk da haka autana da ko aji ɗaya bai shiga ba ya bi labarin tsaf. Shaun, ɗan tunkiyar da labarin yake kansa, ya gaji da aikin kullum, ya haɗa baki da garke suka sa manomi barci, ɗaki mai taya da suka kwantar da shi a ciki ya gangara da shi birni, ya bugu a ka ya manta kowa. Hannun da ya saba sausayar tumaki shi ya mai da shi shahararren mai aski.

Wurin da ya kama ni shi ne inda Shaun, bayan duk wahalar nema, ya tarar da maigidansa a shagon aski. Ya nufe shi da murna, mutumin ya kalle shi kallon baƙo, ya kore shi. Ba a yi wani dogon abu ba, kunnuwan Shaun ne kawai suka faɗi, idanunsa suka sauya. Sai na ji auta yana shessheka, ya ce, "Baba, me ya sa bai gane shi ba?" Ni kaina sai da na haɗiye wani abu. Kuma fa 'yar tsana ce da aka ƙera da hannu, a motsa ta kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka, har hotuna su taru su zama motsi. Wanda ya iya sa 'yar tsana ta karya wa mutum zuciya da kunne kawai, ai ya san aikinsa.

Iyaye dai su sani, akwai aladu a gonar, har suna mamaye gidan manomi bayan ya ɓace. Sai da na yi wa yaran bayani. Ban da wannan ban ga abin da zai sa ka ɗauke fuskar yaro daga allo ba.

Haushina yana wurin mai turawa. Da na koma neman na biyu, Farmageddon na 2019, yaron shagon ya ce, "Alhaji, wannan ma ya fi, mai fassara ne." Na biya na tafi. Ina kunnawa sai ga muryar wani ƙato a kan tumaki, yana sa musu surutai a baki, har da baƙar magana irin ta tasha da ba na so yarana su ɗauka. Fim ɗin da masu shi suka sha wahala don ya yi magana ba da baki ba, shi wani ya cika da ihu, kiɗan ma an danne shi. Na mayar, ya ce shi ke nan wanda yake da shi, kuɗi kuma an riga an tura. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga baya na samu na asali. Yaran sun so shi ƙwarai, musamman 'yar baƙuwar halittar da ta faɗo daga sararin sama, amma ni a wurina bai kai na farko shiga rai ba, guje-guje sun fi yawa. In za ku karɓa, ku sa a kunna muku a shagon ku saurara tukuna. Kuna jin muryar mutum tana bayani, ku ce a canza.