Masai mai tanki ko mai yin taki, wanne za ku gina a dajin?

Salam ɗan uwa. Ka ce an ba ku aikin wurin shaƙatawa a cikin daji, babu famfo babu wuta, akwai filin ajiye motoci a bakin shiga sannan hanyar ƙafa ta miƙe ta hau dutse, kana tambaya tsakanin masai mai tanki da mai yin taki wanne ya fi. To ni kafin a zo maganar wari ko kyan gini, tambaya ɗaya ce gareni, shin motar zuƙe masai zata iya zuwa har gindin ginin? Amsar wannan ita ce zata raba muku gardamar.

Mai tanki dai ba masan rami bane duk da daga sama sun yi kama. Na rami ƙasa ce ke shanye ruwan, shi yasa ake cewa a nisanta shi da rijiya ko rafi aƙalla mita 30, kuma in ya cika sai dai a rufe a haƙa wani. Shi kuwa wannan tanki ne rufaffe na kankare ko roba mai kauri da ake binnewa ƙarƙashin ɗakin, ko ɗigo baya fita, komai na nan zaune har ranar da mota zata zo ta zura tiyo ta zuƙe. Wanda aka fi sawa a gandun dajin Amurka galan 1,000 yake ci, wajen lita 3,800 kenan, kuma masu ƙera shi suna lissafa masa shiga kamar sau 15,000 kafin ya cika. Babu inji a cikinsa, babu abinda zai lalace ya tsaida aiki, mai kula da wurin shara da wanke kujera kawai zai riƙa yi.

Mai yin taki shi ba ajiya yake ba, narkarwa yake. Tun 1939 wani ɗan Suwidin, Rikard Lindström, ya haɗa irin wanda daga baya aka sani da Clivus Multrum. Bayan gida na faɗawa cikin akwati, ana zuba dusar katako a kai, iska na ratsawa, ƙwayoyin halitta suna cinyewa a hankali har tarin ya ragu sosai ya koma kamar ƙasa. A takarda abin sha'awa ne wallahi. Amma a aikace sai an samu mutum tsayayye da zai riƙa zuba dusar, ya baje tulin da ke taruwa daidai ƙarƙashin kujera, ya duba danshi, ya tsince leda da hannu, kuma in fitsari ya yi yawa sai tarin ya jiƙe ya cushe iska ta daina shiga, daga nan ba taki ake yi ba, ruɓewa kawai yake yana wari. Wurin sanyi kuma narkewar kusan tsayawa take cak. Sannan kar wani ya ruɗe ku da cewa abinda ya fito a zuba a lambu, don zafin da ke kashe ƙwan tsutsar ciki sai tarin ya kai wajen digiri 55 na Celsius, galibin waɗannan akwatunan basa kaiwa, dole a ajiye shi shekara ɗaya zuwa biyu tukuna.

Maganar wari, nan ne mutane ke yiwa mai tanki mummunar shaida, kuma yawanci laifin magini ne. Hukumar gandun dajin Amurka ta fitar da littafin tsarinsa a 1991, dabarar kuma bata da wahala. A sa bututu baƙi mai faɗin inci 12 daga tankin ya wuce ƙololuwar rufi da ƙafa 3, a ɓangaren da rana ta fi duka. Rana ta gasa bututun, iskar ciki ta yi zafi ta tashi sama, iskar da ke kaɗawa ta bakinsa ita ma ta ƙara janta, sai sabuwa ta shigo ta tagar iska guda ɗaya da ke jikin bango ta gangara ramin kujera ta fice ta bututun. Kaga warin ba ta hancin mai shiga yake bi ba. Amma da zarar an gina shi ƙarƙashin inuwar bishiyoyi wai don ya yi kyau a hoto, ko an ƙara tagogi ta kowane gefe, ko an tokare ƙofa da dutse an barta a buɗe, shikenan an kashe tsarin. Tagar nan ta fuskanci inda iska ta fi tasowa, kuma a lura kar bututun ya riƙa hura wari wajen da mutane ke kafa tanti. Mai yin taki ma bututu yake so, sau da yawa harda ƴar fanka mai sola, wato ƙarin abinda za'a riƙa dubawa.

Shara ce babbar abokiyar gaban su duka biyun. Robar ruwa, gwangwani, famfas, tsumma, duk mutane na jefawa. A tanki su ke toshe tiyon mota sai an tsaya fiddo su da ƙugiya, a akwatin taki kuwa ba zasu taɓa narkewa ba. Ku ajiye kwandon shara mai murfi a cikin ɗakin.

Da ni ne, bakin shiga wajen motocin nan mai tanki zan sa ba tare da wani dogon tunani ba, don can ne cunkoso yake, ranar hutu motoci su sauke mutane rututu, tanki bai damu ba, akwatin taki kuwa ambaliya yake in aka yi masa yawa lokaci guda. Can saman dutse inda mota bata zuwa, tanki tarko ne, ranar da ya cika babu mai kwashewa. Nan mai yin taki ke da amfani in masu hawa basu da yawa kuma akwai wanda aikinsa ne ya hau ya duba, irinsa ne ake sawa a wurare da dama a hanyar ƙafa ta Appalachian da ke Amurka mai tsawon kusan kilomita 3,500. Inda ma hakan ya gagara wasu wuraren sun haƙura da gini gaba ɗaya, a Dutsen Whitney na Kalifoniya jaka ta musamman ake ba masu hawa kowa ya sauko da nasa, a Dutsen Denali na Alaska kuma ƙaramin bokiti mai murfi ne.

In kun tsaya kan tankin, ku fara gano zurfin ruwan ƙasa a lokacin da aka fi yin ruwan sama, don tanki in ba komai cikinsa ruwa na iya ɗago shi kamar tulu a rafi, na roba ya fi saurin yi, sai an ɗaure shi da kankare. Bayan kowace kwasa a zuba ruwa kamar inci 10 a ƙasansa don kar bayan gida ya daskare ya zama dutse, kuma yana rage wari da ƙuda. Ku kulla yarjejeniya da mai mota tun kafin a sa harsashi, ku san kuma takamaimai matatar da zai kai kayan ya juye. Ƙofar tankin ta baya da ake kwasa ta nan a sa mata kwaɗo saboda yara, kuma kar a bar lebura ya shiga cikin tankin ɗauko waya ko wani abu, iskar gas ɗin da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum nan take har ta kashe.