Anki da haddar kalmomin Turanci don jarrabawa

Anki manhaja ce ta katunan bita wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Kyauta ce a kwamfuta, haka ma a wayar Android inda ake kiranta AnkiDroid, amma ta iPhone sai an saya. Asusun AnkiWeb, shafinta na intanet, shi ne ke haɗa katunan wayarka da na kwamfuta. A yi hattara wajen saukewa, domin akwai manhajoji masu aron sunanta da ba su haɗa komai da ita ba.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Za ta nuna maka gaban kati, ka tuno amsar, ka juya bayansa, sannan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu: Again, Hard, Good ko Easy. Sabon kati yakan dawo bayan minti 1, sai bayan minti 10, sai washegari, daga nan tazarar ta yi ta faɗaɗa. Wanda ya kuɓuce maka kuma ta dawo da shi kusa. A wajen hana mantuwa ba ta da abin zargi. Tun sigar 23.10 ta 2023 aka ƙara mata tsarin lissafi mai suna FSRS, wanda ke auna tazara bisa tarihin amsoshinka, kuma ya cancanci a kunna shi. Sharaɗinsa ɗaya: idan ka manta kalma, Again za ka danna. Hard a wurinsa na nufin ka tuna da ƙyar, don haka mai danna shi saboda jin kunya zai ga kalmar da bai sani ba ta yi nisan zango.

Inda gizo ke saƙar shi ne katin kansa. Anki ba ta koyar da amfani da kalma, abin da ka zuba mata shi take maimaita maka. Yawancin tarin katunan GRE (jarrabawar neman gurbin digiri na biyu a ƙasashen waje) da ake saukewa kyauta, kalma ce a gaba, takwararta guda a baya. Wanda ya haddace cewa sanction hukunci ne zai rikice ranar da ta zo masa da ma'anar amincewa, domin duka biyun nata ne. Qualify ma haka: kowa ya san ta da cancanta, amma a nassin jarrabawa takan zo da ma'anar sassauta magana ko gindaya mata sharaɗi. A rubutun IELTS da TOEFL kuwa, wato jarrabawoyin gwada iya Turanci, ba ma'ana ce ke kayar da ɗalibi ba, abokan tafiyar kalmar ne. Ya san discuss sarai, sai ya liƙa mata about, alhali ba ta ɗaukarsa. Ya san depend, sai ya manta da on.

Maganin wannan shi ne nau'in katin da ake kira Cloze, mai ɓoye wani ɓangare na jimla. Ɗauko jimla daga ƙamusun masu koyo ko daga tsoffin tambayoyi, ka ɓoye kalmar a kati ɗaya, ka ɓoye ƙaramar kalmar da ke biye da ita, irin su on, a kati na biyu. Kowace ma'ana da katinta, kada a cusa uku a wuri guda. A baya ka sa ajin kalmar, suna ce ko aikatau, da sautin furucinta in da hali. Haɗa kati irin wannan na cin lokaci, amma rabin koyon a nan yake.

Sai batun yawa. Manhajar na zuwa da sababbin katuna 20 a rana, kuma littafin jagoranta ya faɗa ƙarara cewa wannan na iya kai mutum ga bitar kusan 200 kullum. Ka yi fashin mako guda, ka tarar da bashi jibge, a nan da yawa ke ajiye ta. Goma a rana sun ishi mai aiki ko karatu. Katin da ka manta sau 8 za ta yi masa alama, kuma galibi laifin rubutun katin ne, a sake shi da wata jimlar.

Fuskarta ba ta da ado, saitunanta kuma kan ruɗa sabon shiga. Ga mai wata uku ko fiye kafin jarrabawa, ta biya kuɗin sabulu. Wanda saura mako biyu ya rage masa, gara ya zauna da tsoffin tambayoyi, domin tazarar da Anki ke dogaro da ita ba za ta samu lokacin yin aiki ba.