Gargaɗi ga masu a-kori-kura: mai cewa zai mayar maka da mota daga fetur zuwa dizal ya cuce ni

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallata kansa a intanet cewa shi gwani ne wajen cire injin fetur daga a-kori-kura ya sa na dizal. Ɗan damfara ne. Ya karɓi kashi 70 cikin 100 na kuɗin aiki a matsayin kafin alƙalami, ya dawo ya karɓi ragowar 30, ya haɗa da lafiyayyen injina na fetur ya yi gaba da shi, ya bar ni da motar da ba ta da birki. Kashi 70, sannan 30, sannan injina. Ina rubutun nan raina yana tafasa.

Tun kafin wani ya zo yana ce mini ai da ka yi bincike, to na yi. Ni ba jiya na fara riƙe mota ba. Hilux ɗina mai injin 3RZ ce, lita 2.7, fetur, kuma ba abin da ke damunta illa shan mai idan an yi mata lodi. Abin da nake so shi ne 5L, dizal mai lita 3.0, wanda ba turbo a jikinsa, ba tarkacen da zai wahalar da bakanike. Na san ƙarfin dokinsa bai kai na 3RZ ba, na san ba zai yi gudu kamar na fetur ba, na kuma yarda da hakan, domin sauƙin mai nake nema. Da sanina na shiga maganar, da tambayoyina a hannu.

Abin da ke hana ni barci shi ne mutumin nan ya san aikin. Wallahi ya san shi. Ranar da muka fara haɗuwa a garejin, ban ma gama bayani ba ya buɗe gaban motar, ya ɗora yatsa a kan baƙin tulun nan da ke bayan fedar birki, wanda ake kira busta, ya ce: "Maigida, ka ga wannan? Nan ne masu aikin banza suke kashe mutane." Ya ce injin fetur da kansa yake samar da tsotson iskar da ke taimaka wa birki, shi kuwa na dizal ba ya yi, dole sai an haɗa masa famfon tsotso, kuma a irin waɗannan injunan a bayan altaneta yake. Ni ban tambaye shi ba. Shi ya kawo maganar. Ya dubi idona ya ce ba zai taɓa sakin mota ba sai ya taka birkinta da ƙafarsa. To ku gaya mini, wane mai hankali ne zai ji wannan ya ce ɓarawo ne ke magana?

Bai tsaya nan ba. Ya ce dizal ba fulogi ke kunna shi ba, matsi ne, kuma matsin 5L ya haura 22 alhali na 3RZ bai kai 10 ba, shi ya sa dole a canza batir zuwa babba, a sa kik mai ƙarfi, a haɗa hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar, da wayarinta yadda ya kamata. Ya ce za a sauke tanki a wanke, a cire famfon fetur da ke ciki, a ja tiyon da zai riƙa mayar da rarar mai tanki, a sa filta mai raba ruwa da mai. Ya yi maganar lagireto, ya yi maganar mazaunin inji, ya yi maganar bakin giyabos da ba ya haɗuwa da sabon inji sai an canza. Duk gaskiya ne. Ko ɗaya bai yi ƙarya a bayanin ba. A aikin ne ya yi ƙaryar.

Sai ya kai ni bayan garejin ya nuna mini inji a kan katako, ya haɗa masa batir, bugu ɗaya ya tashi. Ya kwance murfin baƙin mai yana aiki, ya ce in sa tafin hannuna a bakin. Ba hayaƙi, ba huci, alamar lafiyayyen inji ke nan. Na sunkuya na ga lambar a jikin bulok da idona, 5L. A nan na tura kashi 70. Kashi 70, a tsaye, a gaban injin da ke aiki. Wannan injin ban sake ganinsa ba har yau.

Na tsallake maganar injina. Tun a ranar ya ce zai karɓi 3RZ ɗin a rage mini a kuɗin aiki, kuma da wannan ragin aka yi lissafin. Wato 70 ɗin da 30 ɗin duk bayan an cire darajar injina ne. Injin da ban taɓa buɗe kansa ba. Ina jin tun a makon farko ya sayar da shi, domin da na leƙa garejin ba ya nan, aka ce an kai shi ma'ajiya. A'a, wannan zuwan ma bayan ya fara yi mini gobe-jibi ne, domin a lokacin ne ya ce giyabos ɗin da aka kawo bai yi daidai ba, an mayar. Kullum da sabon zance. Yau mai walda ba shi da lafiya, gobe ana jiran tiyo, jibi kaya sun maƙale a hanya. In na kira sai ya ce: "Maigida, aikin gaggawa shi ke kawo matsala, ka bar ni in yi maka abin da za ka yi alfahari da shi."

Ragowar 30 ɗin kuwa, bidiyo ya turo mini. Motata ce, lambarta ta fito, inji yana aiki, yaro yana zagaya fili da ita. Ya ce mai kayan gyara ya riƙe sabon batir da filta sai an biya shi, in cika kuɗin a kawo mini mota har ƙofar gida. Na ga motata tana tafiya da ƙafarta. Na cika. Duk wanda ya ga abin da na gani zai cika.

Da almuru wani yaro ya kawo ta, ya miƙa makulli, ya ce oga na nan tafe, ya juya. Da safe na zo tayarwa, kik yana ja da ƙyar, sai da aka tura. Ta tashi da farin hayaƙi, jikinta duk yana karkarwa. Na fito titi, na zo mararraba, na taka birki, feda ta tsaya ƙiƙam. Sai da na miƙe a kanta da dukkan nauyina, na ja birkin hannu, sannan ta tsaya, saura ƙiris in hau kan mai babur da ya ɗauko yara. Birki. Abin da ya fara ɗora yatsansa a kai. Da aka buɗe, tiyon bustar an toshe bakinsa da noti an ɗaure da waya, altanetar da ke jiki ma ba mai famfo ba ce. Mutumin da ya ce nan ne ake kashe mutane, shi ya toshe wurin da noti, ya turo mini motar in hau. Ya sani. Ba kuskure ba ne, ya sani sarai.

Wani bakanike da na daɗe da sani ya zo ya duba, ya yi shiru, sannan ya kira ni in ga gefen bulok. Inda lamba take an goge da injin gurza, an shafe da fenti, har yanzu ana ganin sawun gurzar in ka haska fitila. Da ya cire kan injin ya auna faɗin silinda, milimita 92 ya samu. Na 5L milimita 99.5 ne. Wato 2L aka sa mini, lita 2.4, tsohon da ya gama cin zamaninsa, aka wanke aka fesa masa fenti. 'Yan gida ɗaya ne, daga waje suna kama da juna, da wannan ya fake. Ringi sun mutu, in ka buɗe murfin baƙin mai hayaƙi ne ke bugun fuskarka. Kitso da ƙwarƙwata kawai ya yi mini.

Sauran ma ba a magana. Tanki ba a sauke ba, fetur ya cakuɗu da dizal, alhali dizal ne ke sa santsi a cikin injekta famfo, fetur kuwa cinye famfon yake yi. Filta mai raba ruwa babu. Batir nawa ne na da, wanda ya ce an saya sabo, wanda a kansa na cika 30. Mazaunin inji guntayen ƙarfe ne aka liƙa da walda, ɗaya har ya tsage. Ga kuma takardu: inji ba lamba, da me zan je a gyara takardun mota? Wa zai yarda ba na sata ba ne?

Na koma garejin, mai wurin ya ce ai shi ma baƙo ne, wuri kawai ya kama na ɗan lokaci, ya kwashe kayansa. Injin da ke kan katakon ma da shi ya tafi. Wato shi ne abin nuni, kowa ya zo a tayar masa, a ce ya sa hannu a bakin murfi. Layukansa duk a kashe. Shafinsa yana nan, ya dai toshe ni, kuma an ce har yanzu yana sa bidiyon injin nan. Injin da na biya 70 a gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai waɗanda suka ce in bar motar yadda take, na tsaya na yi musu bayani dalla-dalla, da hujjojin da har gobe daidai suke. Yanzu motar tana ajiye, aikina ya tsaya, ina haɗuwa da su ina sunkuyar da kai a kan laifin da ba nawa ba. Mayar da fetur dizal aiki ne da ake yi, kuma yana yiwuwa in an samu mai amana. Ni maci amana na samu.

Hotunan hirarmu duk suna hannuna, da shaidar tura kuɗi guda biyu, ta 70 da ta 30, da bidiyon da ya turo, da hoton notin da ke bakin tiyo, da na lambar da aka goge. Na kai ƙara, an ce in dakata da sakin suna da fuska tukuna. Da zarar an ba ni dama zan sa su duka, ba zan rufe komai ba.

In za ka yi wannan aikin, a rubuta lambar inji a takarda, ka ɗauki hotonta, a sa injin a gabanka. Kada ka saki tsohon injinka, kada ka cika kuɗi, sai ka tuƙa motar da kanka ka taka birki.

Wanda kuma aka taɓa tayar masa da 5L a kan katako aka ce ya sa hannu a bakin murfi, ya yi mini magana mu haɗa ƙara. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne.